Godiya ga waɗanda suka taya ni gyaran littafina

Alhamdulillahi, daren jiya bayan Isha'i na gama gyaran babi na ƙarshe. Wata biyar ke nan ina fama da abin da na rubuta cikin kwana 30.

Ga wanda bai sani ba, wani ƙalubalen rubuta littafi na shiga, wanda aka faro a Amurka a 1999, daga baya aka mayar da shi watan Nuwamba: mutum ya rubuta kalma 50,000 kafin wata ya ƙare, wato kusan 1,667 kullum. Ƙungiyar da ke shirya shi ta rufe a 2025, amma mu 'yan tsirarun marubuta a nan Katsina muka ce ba za mu fasa ba. Na cika adadin, har na yi ta fankama. Ashe ban ga komai ba.

Yayata ta Ƙofar Ƙaura ce ta fara sauko da ni. Ta karanta cikin dare uku, ta kira ni da sassafe: "Ke, tsohon nan da kika yi wa jana'iza a babi na 7, wa ya tono shi? Ga shi a babi na 19 yana shan fura." Wallahi na manta na kashe shi. Yaya, Allah ya saka miki, ko da yake har yau ba ki daina yi mini dariya ba.

Sai malamina na Hausa, wanda ya bi takardun da jan biro layi-layi. A waya na yi rubutun, cikin sauri, ban damu da haruffa masu ƙugiya ba. Sai ga "ɓata" ta koma "bata", "ƙasa" ta koma "kasa", ma'ana ta juye gaba ɗaya. Ya zaunar da ni a zaurensa ya sake nuna mini bambancin "a kan" da "akan", da dalilin da ya sa "yana" ba ta rabuwa. Inda muka ja da shi sosai shi ne Katsinanci. Ya so in mayar da komai daidaitacciyar Hausa, ni kuwa na ce, "Malam, tsohuwar da ta tashi a gindin hasumiyar Gobarau ba za ta ce 'me' ba, 'mi' za ta ce, kuma 'ɗiyata' ce a bakinta." Ya yi shiru, can ya ce in bar karin harshe a bakin taurari, bayanin mai ba da labari kuma ya bi ƙa'ida. Haka aka yi. Allah ya ƙara girma, Malam.

Ƙawata da ta ce in cire babi uku na tsakiya, na yi mako guda ban amsa saƙonki ba. Ki yafe ni, gaskiyarki ce. Na cire su, labarin bai ko ji ba.

Maigida da ya jure tuwon da ya ƙone, da ƙanena da ya riƙa kai wayata caji cikin sanyin hunturu, na gode. Inna, addu'arki ta kama ni.

Littafin yanzu ya ragu sosai, kuma gobe zan kai shi wurin mai tsara shafi. Tsohon nan dai na bar shi da ransa, don Yaya ta ce ya fi kowa daɗin zance.