Rimot ɗaya domin Baba: inda na kai bayan mako biyar

'Yan uwa masu koyo, assalamu alaikum. Mako biyar ke nan ina kan aikin rimot ɗin falon gidanmu a unguwar Nima ta Accra, na ga gara in rubuta inda na kai tun ban manta ramukan da na faɗa ba.

Kayan falon uku ne: talabijin LG, dikodar tauraron ɗan Adam, da wata amfilifaya Yamaha ta hannu da ƙanena ya sayo cikin kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema, ta zo ba rimot. Baba ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni. Bukatarsa ba ta wuce ya ga sallar Harami, ya ji labarai, in Black Stars, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Gana, na wasa a kira shi ba. Amma kafin hoto da murya su haɗu sai an bi ta rimot biyu da maɓallan jikin amfilifaya. Wata rana na dawo daga aiki na tarar da shi zaune gaban baƙin gilashi, karatu na fita ta lasifika, hoto babu. Na miƙa hannu zan gyara, ya ce, "Bar shi, ɗan nan, kunne ma ya ishe ni." Maganar ta tsaya mini a rai, ita ce mafarin wannan aiki.

A makon farko na shiga Zongo Lane, layin masu sayar da kayan lantarki, na sayo rimot mai koyo, wato mai ɗaukar saƙon wani rimot ya maimaita shi, irin wanda ake jera masa umarni da yawa a maɓalli ɗaya. Na jera masa: kunna talabijin, kunna dikoda, kunna amfilifaya, danna mai sauya kafa (mashigar da hoto ke bi ya shiga talabijin, irin su HDMI) sau biyu. Daren nan ya yi aiki lafiya lau, har na yi barci da murna. Washegari wani jikan Baba ya riga ya kunna talabijin da hannu. Da Baba ya danna maɓallin nawa, talabijin ta mutu, sauran biyun suka tashi.

A nan na fahimci asalin matsalar. Rimot baki gare shi, ba shi da ido, ba shi da kunne. Yana faɗin magana ya wuce, bai san ko na'urar a kunne take ko a kashe ba. Shi kuma jan maɓallin da muka saba da shi magana ɗaya yake aikawa kullum, ma'anarta "sauya halin da kike ciki". Mu nan Gana ba ma bukatar dogon bayani, mun san dumso, wato ɗaukewar wuta da dawowarta: a Twi "dum" kashewa ne, "so" kunnawa, an haɗa su kalma guda. Jan maɓallin nan dumso ne. Abin da nake nema shi ne "dum" daban, "so" daban: lambar da in ta ce kunna, ko sau goma aka aika ta na'urar ba za ta mutu ba. Masu sana'ar suna ce musu lambobin diskirit, ni ina kiransu masu magana ɗaya. Haka zancen kafa yake. "Je kafa ta gaba" ya dogara da inda aka tsaya jiya, amma "je HDMI 1" ba ruwanta da jiya.

Mako na biyu na ba shi ga koyon ganin abin da rimot ke faɗa. Wanda bai taɓa gwadawa ba ya buɗe kyamarar wayarsa ya nuna mata kan rimot ya danna, a yawancin wayoyi zai ga ɗan haske ruwan hoda yana ƙyaftawa. Hasken infared ne mai tsawon zango wajen nanomita 940, ido ba ya kama shi. Na koma Zongo Lane na samo Arduino Uno (ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni), da ɗan karɓar hasken mai ƙafa uku VS1838B, da fitilun infared, da rizista. Na ɗora manhajar IRremote, na nuna rimot ɗin LG na danna jan maɓalli. Kwamfuta ta rubuto: NEC, adireshi 04, umarni 08. Na daɗe ina kallon layin nan.

Tsarin NEC ya cancanci a tsaya a kansa, domin na'urori da yawa a gidajenmu da shi suke magana. Hasken yana rawa sau 38,000 a daƙiƙa. Saƙon yana buɗewa da sallama: haske na milisakan 9, shiru na milisakan 4.5. Sai bit 32 su biyo (kowane bit ko 0 ne ko 1), kashi huɗu, takwas-takwas: adireshin na'ura, kishiyar adireshin, umarni, kishiyar umarnin. Kishiyoyin nan shaidu ne, in ba su dace ba na'urar ta yi watsi da saƙon. Abin lura shi ne, bit takwas na umarni suna ba da gurbi 256, alhali maɓallan da ke jikin rimot ɗin talabijin ɗinmu ba su kai hamsin ba. Sauran guraben ba duka ne fanko ba. A cikinsu kamfani ke ajiye lambobin da masu haɗa kaya a otal-otal da ɗakunan taro ke aiki da su, ɗakuna ne a cikin gida da ba a yi musu ƙofa ta waje ba.

Mako na uku shi ne ya fi ba ni wuya, kuma laifina ne. Na samo lambar kunna LG a rubuce da lissafin sha shida, wanda ke haɗa 0 zuwa 9 da A zuwa F, haka: 20DF23DC. Na ɗauka 20 ne adireshi, 23 ne umarni, na aika. Talabijin ko motsi. Na canja fitila, na canja rizista, na matso har kusan in taɓa gilashi. Dare biyu ina wannan. A dare na uku bayan sallar isha'i na ɗauki biro na warware 23 zuwa bit: 00100011. Ban san abin da ya sa ba, sai na karanta shi daga dama zuwa hagu kamar ajami, ya ba ni 11000100, wato C4. Na yi wa 20 haka, ya koma 04, adireshin da Arduino ya nuna mini tun farko. Ashe NEC ƙaramin bit, wato na ƙarshen dama, yake fara aikawa, wasu masu rubuta jerin lambobi suna rubutawa yadda bit ɗin suka iso, wasu kuma suna juya su. Lamba ɗaya ce da rubutu biyu. Na aika 04 da C4, talabijin ta tashi. Na sake aikawa, ta zauna a kunne. Na sake har sau biyar don daɗi.

Ga waɗanda na tabbatar a kan tamu, duka a adireshi 04: C4 kunnawa, C5 kashewa, CE ta kai ka HDMI 1, CC ta kai ka HDMI 2. In jerin da kuka samu da lissafin goma aka rubuta shi, C4 ita ce 196, C5 kuma 197. Wannan ma wani rami ne, ku duba da kyau ko jerin na goma ne ko na sha shida.

Sau da yawa kuma ba gajeriyar lamba za ku samu ba, sai dogon layi mai farawa da 0000 006D 0022 0002. Tsarin Pronto ke nan, daga wani rimot na Philips ya samo suna. Kada tsawonsa ya tsorata ku. Rukuni na biyu shi ke faɗin saurin rawar haske: 006D na nufin wajen kilohaz 38, wato sau 38,000 a daƙiƙa, 0067 na nufin 40, 0073 kuma 36. Na uku da na huɗu suna ƙirga yawan tagwayen haske da shiru. Manhajar IrScrutinizer kyauta ce, kana zuba mata layin za ta gaya maka tsarin da adireshin da umarnin, ta kuma yi maka akasin haka. Da na san ta tun farko da dare biyun nan ba su tafi ba.

Wani gargaɗi da nake so ku riƙe da hannu biyu. Da zarar mutum ya ga gurbi 256 ne kawai, zuciya za ta ce masa ya sa Arduino ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ga abin da zai faru. Ni ma na fara, na tsaya. A ƙarshen jerin na LG akwai lambobin masu gyara: FB da FF suna buɗe shafukan saitin masana'anta, FA kuma tana mayar da talabijin yadda ta fito daga kwali, ta share duk abin da aka saita. Shafukan nan ba wurin wasa ba ne, kuskure ɗaya na iya lalata hoton. In za ku gwada, ku bi a hankali, lamba ɗaya sannan ku duba, ku rubuta a littafi, kada ku kusanci ƙarshen jerin.

Amfilifayar ba ta wahalar da ni ba. NEC ce ita ma, adireshi 7A, lambobinta a jere suke kamar carbi: 1A ƙara murya, 1B ragewa, 1C shiru, 1D kunnawa, 1E kashewa, 1F mai baki biyu, wato irin jan maɓallin nan mai kunnawa da kashewa.

Mako na huɗu, zuba lambobin cikin rimot. Tunda rimot ɗin mai koyo ne, Arduino ya zama malaminsa. Na kwantar da su a kan tabarma baki da baki, tazarar yatsu biyu, na sa sabon batir, na rufe taga saboda hasken rana yana rikita koyon. Abu ɗaya na koya a nan. In ka riƙe maɓalli, NEC ba ya maimaita saƙon gaba ɗaya, wata gajeriyar alama yake aikawa kusan kowane milisakan 108, ma'anarta "ci gaba". Da farko na koyar da ƙara murya ba tare da alamar ba, sai ya zama dole a yi ta dannawa ɗaya-ɗaya. Na sake koyarwa da maimaici, ya daidaita. Lambobin kunnawa da na kafa kuwa gara a koyar da su gajeru, don kada su cinye lokaci a cikin jeri.

Sai batun jira. Talabijin in ta tashi daga barci ba ta jin magana nan take. Na ƙirga da agogo, tamu takan kai daƙiƙa takwas kafin ta karɓi umarnin kafa, rimot ɗina kuma ba shi da wurin sa jinkiri mai tsawo haka. Dabarar da na yi ita ce maimaita jerin: kunna talabijin, kunna amfilifaya, zaɓi kafa. Tunda kowace lamba magana ɗaya take yi, in hoto bai zo ba sai a sake danna maɓallin nan dai, ba abin da zai lalace. Na kuma kashe SimpLink, wato yadda na'urori ke ba juna umarni ta wayar HDMI, domin yana sa baki a inda ban tambaye shi ba.

Dikodar ce ta gagare ni. Na bi duk hanyar da na sani ban samo mata kunnawa daban da kashewa ba. Wasu na'urorin sukan farka in an danna musu lamba ko maɓallin fara wasa, sai a yi amfani da wannan a matsayin kunnawa, amma tamu ba ta amsa ko ɗaya ba. Don haka na cire ta daga jerin, tana kwana a kunne. Ban ji daɗin wannan ba, mita ta kati muke amfani da ita, kowane yunit ana jinsa a aljihu. Amma gwamma hakan da Baba ya sake zama gaban baƙin gilashi.

Wani ɗan uwa a Aboabo ta Kumasi ya kira ni kan tasa talabijin Sony, ya ce ya aika lamba ba ta amsa ba. Sony tsarinta daban, kilohaz 40 take so, na'ura ta 1, umarni 46 kunnawa, 47 kashewa a lissafin goma, kuma sai an aika saƙon sau uku a jere kamar yadda rimot ɗinta ke yi. Mai kayan Philips kuma ya sani cewa tsarin RC5 yana da wani bit da ke juyawa duk dannawa, shi ya sa lambar da aka koya takan yi aiki sau ɗaya ta ƙi na biyu.

Yanzu maɓalli biyu na manna wa alama. Na kunnawa na ɗiga masa gam ya bushe ya yi tudu, don yatsa ya gane shi ba sai an duba ba. Na kashewa na bar shi sumul. Shekaranjiya wuta ta ɗauke da la'asar, ta dawo gab da magariba, kowace na'ura ta farka a halin da ta ga dama. Ina tsakar gida ina alwala na ji Baba ya danna, ya ɗan jira, ya sake dannawa, sai ga muryar liman. Bai kira kowa ba.

Abin da ya rage mini shi ne dikodar. Ina tunanin sa wa Arduino ɗan ido mai jin haske a kan fitilar gabanta, ya riƙa sanin ko a kunne take kafin ya aika mata mai baki biyun. Na sayo kayan, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan fara haɗawa.