Yadda na samo kwikwiyar farauta a wajen wani dattijo a ƙasar Gumel

Duk mai noman gyaɗa a nan yankinmu na Taura ya san aikin da kurege da gafiya suke mana, tun ranar shuka suke bin layi suna tone iri, in ta fara ƙwaya kuma sai dai ka zo da safe ka tarar da ɓawo a bakin rami. Ga shi ni mutum ne mai son fita daji in an gama kaka, ba irin babbar farautar nan ta masu ganga da kirari da ake cika mota a yi kwana da kwanaki ba, tamu ta zomo ce da fakara da ɗan abun da Allah ya hore. Tunda tsohon karen gidanmu ya mutu na koma ɗan rakiya, karen wani ya kama a yanka a ɗan gutsura maka, abun ba daɗi. Shi ne nace bari dai in nemi nawa tun yana kwikwiyo in raina da hannuna.

Kwikwiyo kam ba wahalar samu yake ba, ranar kasuwa ko Gujungu ce ran Lahadi ko Maigatari ran Alhamis kana iya cin karo da yaro a gefen hanya da kwali, ya rantse maka uwarsu har gada take kamawa. Toh ina uwar? tana gida. Gidan ina? can gaba. Ni dai wani yayana da ya daɗe a harkar ya hana ni, yace wanda bai ga uwa ba bai ga komai ba, kuma ya haɗa ni da wani dattijon mafarauci a wani ƙauye a ƙasar Gumel wanda aka sani da irin karnukan nan masu dogayen ƙafafu da siririn ciki, wasu suna cewa jinin na Buzaye ne da ake shigowa da su daga Nijar.

Da muka je da mashin, bayan gaisuwa da shan ruwa, Baba bai ko nuna min 'ya'yan ba tukuna. Fito ya yi guda ɗaya sai ga karyar ta fito daga bayan rumbu, ja ce mai farin ƙirji, ta rame saboda shayarwa amma idonta tar, ta zo ta zauna gefensa ba haushi ba komai, kaji suna kiwo dab da hancinta ko kallonsu bata yi ba. Wannan kajin su na fi tsayawa kallo wallahi, domin rigimar da kare yake jawo wa mutum a ƙauye rabinta a kan kazar maƙwabta ne. Yace min "ɗana kalle ta da kyau, ita zaka saya, wancan na cikin rami alkawari ne kawai." Na tambayi uban, yace na wani abokin farautarsa ne a ƙauyen gaba, kuma da gangan ya kai ta ya kulle su, ba wai sakinta ya yi ta haɗu da na titi ba. Anan ne mai kiwo na gaske ya bambanta da wanda karyarsa ta haihu kawai, shi ya san uban, ya san ranar, har ya lissafa min cewa wata biyu da 'yan kwanaki ta yi ta haihu, kuma haka yake, cikin karya kusan kwana 63 ne.

Sannan ya kai ni wajensu, a wani ɗan rami ƙarƙashin rumbu da aka shimfiɗa buhu, lokacin sun kai wajen sati huɗu, sun buɗe ido suna ta tangal tangal. Ya ɗauko ɗaya ya ɗaga leɓensa yace in duba dasashi, in ja ne jini ya wadata, in ya yi fari fat toh tsutsar ciki ta sha shi, musamman in ka ga tumbi ya kumbura ƙafafu kuma sirara. Ya kifa shi ya nuna min cibiya, ta wani tana ɓullowa kamar ƙwallo, wannan bari shi. Ya buɗa kunne da tsakanin yatsu don kaska, ya haɗa haƙoran sama da na ƙasa ya ga ko sun zauna daidai, domin kare mai karkataccen baki baya riƙe nama. Daga nan ya ɗauko wata busasshiyar fatar zomo da ya ɗaure da igiya ya ja ta a ƙasa, biyu suka tsorata suka koma rami, ɗaya ya bi ya bari, wata 'yar ja mai kama da uwar ta cafke ta ƙi saki har ya ɗaga ta sama tana lilo. Nace Baba wannan nake so. Ya yi dariya yace kowa ya zo ita yake nunawa.

Akwai abubuwan da ya faɗa da ni dai ban ɗauka ba, kamar wai mai baƙin ganɗa ya fi zuciya, ko wanda ya fara buɗe ido shi ne shugaba. Na sha ganin karnuka masu baƙin ganɗa da ko ɓera basa iya kamawa. Amma dattijo ne, kuma a gidansa nake, nace haka ne Baba.

Maganar kuɗi ita ce ta ɗan yi tsayi, ba don tsada ba. Shi baya yarda a ce ya sayar da kare, yace in dai na ba shi wani abu toh na tuwon uwar ne. Kuma ba shi kaɗai ba ne, tsofaffin mafarauta da yawa haka suke, saboda an zo da hani a hadisi a kan kuɗin kare. Ni kafin in tafi sai da na tambayi malaminmu na zaure, yace a Risala an kawo hanin sayar da karnuka amma an yi saɓani a kan wanda shari'a ta yarda a riƙe, wato na farauta da na tsaron dabbobi da gona, kuma halaccin farauta da horarren kare yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 4. Toh ni dai na ba Baba abun da bai kai kuɗin ɗan akuya ba, da goro, da rabin buhun dawa da na yi masa alkawari, shi kuma ya kafa min sharaɗi in ta haihu haihuwar fari yana da ɗa guda a ciki, zaɓinsa. Mace ce shi ya sa.

Abun da ya ban haushi a ranar shi ne ya hana ni tafiya da ita. Na zo da kwali na, na ɗaure a bayan mashin, yace sai ta cika wata biyu. Nace Baba hanyar da nisa fa ga tsadar mai, yace "in ka ɗauke ta yau kuka zata yi maka sati guda ta mutu, sannan ka ce na cuce ka." Yanzu na san gaskiyarsa, nonon uwa shi ke tsare su daga cuta a farkon nan, kuma a cikin 'yan uwansu suke koyon cizo da sanin iyakarsa, wanda aka raba tun yana sati uku huɗu sai ya tashi ko matsoraci ko mai cizon yara. Mutane da yawa a nan suna gaggawar ɗauka ne don kar wani ya riga su, ni kuwa zare ja ya ɗaura mata a wuya yace taka ce, je ka.

Ranar da na dawo da ita maman yara ta ce ita dai kar ta ganta a tsakar gida kusa da kwanukanta, kuma tana da gaskiya. Na yi mata 'yar rumfa a waje kusa da turken awaki, da kaskonta na ci da na ruwa daban, babu mai taɓawa. Zamanta kusa da awaki da kaji tun tana ƙarama shi ne makarantar farko, duk ranar da ta zaburo wa ɗan tsako sai in daka mata tsawa a take a wurin, ba sai an jima ba, don in an jima bata san laifin me ta yi ba. Duka kuwa ban yarda da shi ba, kare da aka saba dukansa in ka kira shi a daji nesa nesa zai tsaya da naman a baki.

Wajen abinci mutanenmu suna zalunci ba da sani ba, tuwo da ruwa kawai, shekara da shekaru, sannan a ce kare baya gudu. Kwikwiyo yana gina ƙashi ne, in babu abun gina jiki sai ƙafafu su gwame. Ni kunu nake dama mata da safe da ɗan nono, madarar shanu ɗanya tana sa su zawo, da rana tuwon dawa a jiƙa da romo a marmasa busasshen kifi, wani lokacin ƙwai. Na shirya da wani mahauci yana ajiye min tarkace ranar kasuwa, amma sai na dafa, musamman huhu da hantar tumaki masu ƙurajen ruwan nan, in kare ya ci su ɗanye yana ɗaukar wata tsutsa da take iya dawowa kan mutanen gida ta kashinsa. Ƙashin kaza dafaffe bana bata, yana tsagewa ya soke hanji, haka miyar da ta sha albasa, albasa tana lalata musu jini.

Sai maganar allura, wadda anan ne ni da Baba muka rabu hanya, shi laya da saiwa ya sani. Na kai ta wajen malamin dabbobi a cikin gari, ya ba ta maganin tsutsa gwargwadon nauyinta yace a riƙa maimaitawa duk sati biyu har ta cika wata uku, kuma wallahi abun da ta kasayar washegari sai da na kira yayana ya gani, farare dogaye. Ya yi mata allurar cutar nan mai sa amai da gudawar jini da take share kwikwiyoyi gida guda cikin kwana biyu uku, ita ana farawa ne daga sati 6 zuwa 8 a maimaita bayan sati uku ko huɗu, kuma kafin a gama kar a bari ta yi cuɗanya da karnukan gari. Ta haukan kare kuma sai ta cika wata 3, sannan duk shekara. Wannan ta ƙarshen ba don karen kaɗai ba ce, don 'ya'yanka ne, ciwon in ya bayyana a jikin mutum babu magani, kuma karen farauta kullum yana haɗuwa da dila da yanyawa da karnukan da ba a san na waye ba. In ma tsautsayi ya sa kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa kamar minti 15 a wuce asibiti a ranar, ba a tsaya neman gashin karen ana ƙonawa ba. Abu ɗaya da zaka lura da shi, ka ga da idonka an ciro allurar daga firji ko kula mai ƙanƙara, ko ta Vom ce, wato cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke jihar Filato, ko ta ƙasar waje, in ta sha zafi ruwa kawai aka tsira wa karenka, kuma ka karɓi kati.

Yanke kunne ma an matsa min, wai don kar ƙaya ta kama ko abokin faɗa ya samu wajen riƙewa, na ƙi. Uwarta da kunnenta take kamun.

Sunanta Ƙyalesu, kun san mafarauci baya raɗa wa kare suna sai da habaici, waɗanda na yi domin su kuma sun ji. Horon daji ban yi gaggawa ba, da fari fatar zomo ce a bayan gida, ta kamo ta kawo in karɓa in ba ta ɗan kifi, a haka ta gane cewa abun da ta kama nawa ne ladanta daban. Wannan ba wai burgewa ba ne kawai, hadisin Adiyyu bin Hatim ya nuna in ka saki horarren karenka da bismillah ya kama bai ci ba ka ci, in kuwa ya ci toh kansa ya kama wa. In ka same shi da rai kuma ka yanka. Da ta haura wata bakwai na fara haɗa ta da tsohuwar karyar yayana, da sassafe kafin rana ta yi zafi, mu zaga gonaki da bakin fadama mu dawo, in zauna in cire mata ƙarangiya a tsakanin yatsu in duba kaska. Babba ita ke koya wa ƙarama bin sawu, kai dai naka rakiya da fito.

Gafiya ta fara kamawa a bakin gonar gyaɗa, ta sha cizo a leɓe amma bata saki ba. Zomo kam har yanzu yana zille mata a kwana, gudun tana da shi, dabarar yanke hanya ce bata gama ganewa ba, yayana yace sai rani mai zuwa in ƙashinta ya gama ƙwari. Baba kuwa duk wanda zai zo Gujungu daga wajensu sai ya aiko shi ya tambaye ni ko ta fara jini, nace a gaya masa ba zan kai ta wajen namiji ba sai zuwan jini na biyu ko na uku, yarinya ce tukuna.