Guguwa tana tafe, hankalina yana kan ruwa

Yau kwana uku ke nan da na soma bibiyar wata guguwa da ta taso a tsakiyar teku, kuma tun ranar da masana yanayi suka raɗa mata suna barcina ya ragu. Gidan da nake zaune ba shi da nisa da gaɓa, ƙasar wurin kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ta yadda mutum zai yi tafiya mai tsawo daga bakin ruwa bai hau ko ɗan tudu ba. Ba a raɗa wa guguwa suna sai gudun iskarta ya kai kilomita 63 a sa'a ɗaya, saboda haka sunan kansa shaida ne cewa abin ya wuce hadarin da aka saba gani. Bayan kowace sa'a shida ake fitar da sabon hasashe, ni kuwa na wayi gari ina lissafin yinina da waɗannan sa'o'i, ina duba waya da asuba, da rana, da almuru, har da tsakar dare.

Taswirar da ake wallafawa tana ɗauke da wani zane mai kama da mazurari, siriri a wurin da guguwar take yanzu, yana ƙara faɗi zuwa kwanaki biyar masu zuwa. Na daɗe ina yi wa wannan zane gurguwar fahimta, ina ɗaukarsa a matsayin girman guguwar ko iyakar inda ɓarnarta za ta tsaya. Ainihin abin da yake nunawa shi ne hanyoyin da cibiyar guguwar za ta iya bi. Cibiyar nazarin guguwa ta Amurka da ke Miyami tana zana nata ne bisa kurakuran hasashen shekarun baya, ta yadda cibiyar guguwa za ta kasance a cikinsa kusan sau biyu cikin uku, wato sau ɗaya cikin uku tana iya fita waje. Iska da ruwan sama kuma suna kaiwa ɗaruruwan kilomita daga cibiyar. Don haka idan na ji wani yana cewa layin da ke nuna hanyar cibiyar ya kauce mana, ya koma gefe, sai gabana ya faɗi, domin na san kaucewar layi a kan taswira ba ta hana teku shigowa gari.

Irin wannan guguwa daga ɗumin teku take samun ƙarfinta. Idan zafin ruwan da ke saman teku ya kai kamar digiri 26 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, tururi yana tashi da yawa, ya zama gajimare, ya saki zafi a sama, wannan zafin kuma ya ƙara jawo iska daga kowane ɓangare, juyawar duniya ta sa ta riƙa kewayawa. Masana sun ƙware sosai wajen hango hanyar da za ta bi, da taimakon taurarin ɗan'adam da jiragen sama da ke kutsawa cikinta suna auna iska, amma hango ƙarfinta ya fi wuya. A watan Oktoba na 2023 guguwar Otis ta tashi daga matsakaiciya zuwa mataki na biyar, wato mafi tsanani, cikin kusan kwana ɗaya, ta afka wa birnin Akapulko na Meziko mutane ba su gama shiri ba. Shi ya sa ƙaramin matakin da aka ba tamu a yanzu bai kwantar mini da hankali ba.

A nan ne nake ganin yawancinmu muke yin kuskure mafi girma. Ma'aunin Saffir da Simpson, wanda ya kasa guguwa mataki biyar, yana farawa ne daga gudun kilomita 119 a sa'a, kuma iska kaɗai yake aunawa. Bai ce komai ba game da yawan ruwan da za a zubar daga sama, ko tsawon da teku zai yi idan ya yi toroko. Alhali a tarihin waɗannan guguwoyi ruwa ya fi iska halaka mutane nesa ba kusa ba. Iska mai ƙarfi da ta daɗe tana kaɗawa a kan teku tana tura ruwa gabanta, tana tara shi, idan ta iso inda ƙasan teku ba shi da zurfi sai ruwan ya rasa inda zai gangara, ya hau tudu. Raguwar nauyin iska a cibiyar guguwa ma tana ɗan ɗaga ruwan, amma turawar iska ce ke yin mafi yawan aikin. Guguwa mai faɗi da ke tafiya a hankali, ko da matakinta ƙarami ne, tana iya tara ruwan da ya fi na ƙaramar guguwa mai tsananin gudu. A kan wannan tulin ruwa ne kuma raƙuman teku suke hawa suna dukan bango.

Idan na karanta abin da ya faru a wasu wurare sai in ga maganar ba ta hasashe ba ce. A watan Nuwamba na 1970 guguwar Bola ta tura teku cikin ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash, mutane aƙalla 300,000 suka rasu, akasarinsu nutsewa suka yi. A 2005 guguwar Katrina tana mataki na uku ne lokacin da ta sauka a gaɓar jihohin Luwiziyana da Misisifi na Amurka, amma ruwan ya tashi fiye da mita takwas a wasu sassan Misisifi, shingayen da ke kare birnin Niyu Olins suka karye, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na birnin Takloban a Filifin, lokacin guguwar Haiyan a 2013. An yi gargaɗi, amma mutane da yawa ba su fahimci kalmar da aka yi amfani da ita wajen bayyana torokon teku ba, suka ɓuya daga iska a cikin gine-ginen da ke kusa da gaɓa, ruwa ya cim musu a can. A ganina gargaɗin da mai sauraro bai gane ba bai cika gargaɗi ba, kuma ya kamata a riƙa faɗa wa mutane a sarari cewa ruwa zai kai gwiwa, ko ƙirji, ko ya shafe rufin ɗaki.

Abu na biyu da nake dubawa bayan taswira shi ne jadawalin cikar teku da janyewarsa. A mafi yawan gaɓoɓi teku yana cika sau biyu a rana, kuma cikar tana ƙaruwa a lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Idan guguwa ta iso teku yana janye, ana iya tsira da ɗan malale a kan hanya; idan kuwa ta dace da cikarsa, ruwan biyu ne suke haɗuwa. Haka aka yi a ƙarshen Oktoba na 2012, lokacin da guguwar Sandy ta iso yankin Niyu Yok wata ya cika, ruwan gishiri ya kwarara cikin hanyoyin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Bambancin sa'o'i shida a lokacin isowar guguwa yana iya zama bambanci tsakanin jiƙewar tsakar gida da asarar gidan duka. Akwai kuma batun gefen da mutum ya samu kansa. A arewacin duniya guguwa tana juyawa ne saɓanin hannun agogo, saboda haka ɓangaren da ke hannun daman hanyarta shi ne iska ke tura teku a kansa. A hasashen da ya fito yau da safe, mu a hannun daman muke.

Sannan ga ruwan sama. Magudanan gari da koguna duk teku suke gangarawa, idan teku ya tashi ya toshe bakinsu, ruwan sama ba ya samun hanyar fita, wani lokaci ma na teku ne ke biyo kwalbati ya ɓullo a tsakiyar unguwa. Guguwar Harvey ta tsaya a kan jihar Tekzas ta Amurka a 2017 ta zubar da fiye da milimita 1,500 a wasu wurare cikin 'yan kwanaki, Idai kuwa, wadda ta sauka kusa da birnin Beira na Mozambik a watan Maris na 2019, ta kashe fiye da mutum 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi, da yawansu nesa da gaɓa.

Jiya da yamma na je wurin wani dattijo maƙwabcina da ke zaune shi kaɗai. Ya ce mini, “Ɗana, na ga guguwa iri-iri a gidan nan, ba wadda ta tashe ni.” Na ce, “Gaskiya ne, Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma kowace da lokacin da ta zo da gefen da ta bi.” Na bayyana masa cewa ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 60 kuma yana tafiya da yawancin motoci, kuma idan hanya ta yanke masu ceto ba za su iya zuwa ba sai iska ta lafa. Na fahimci abin da ke riƙe da shi, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum ya kulle gidan da ya gina da gumin goshinsa ya tafi, yana tunanin ɓarayi da abin da zai tarar idan ya dawo. Bai amsa nan take ba, amma da dare ya kira ni ya ce in ajiye masa wuri a mota.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne labarin Bangaladash ɗin nan. Bayan 1970 sun gina mafaka masu tsawo a kan ginshiƙai, sun horar da dubban 'yan sa-kai da ke zagaya ƙauyuka da lasifika, kuma lokacin da guguwar Sidr mai tsanani ta zo a 2007 waɗanda suka rasu ba su wuce 'yan dubbai ba. Tashin mutane da wuri ne ya kawo wannan bambanci. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, na riga na sa takardun gida da na shaida a cikin leda mai kauri, na ɗora kayan lantarki a kan tebur, na tanadi ruwan sha da magunguna da tocila da rediyo mai batir, na kuma cika tankin mota. Mun yanke shawara da iyalina cewa gobe da sassafe za mu tashi zuwa wurin 'yan'uwa a kan tudu, ko hasashen daren nan ya matso da layin ko ya nesanta shi, domin hanyar da za mu bi tana ratsa wani kwari da yake fara cika tun kafin ruwa ya shigo gari. Baba ya ce zai kasance a ƙofar gidansa da jakarsa kafin gari ya waye.