Dara don wasa ƙwaƙwalwa: inda muka kai da aikin da ke gaba

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Zangon farko ya wuce, kowa ya riƙe dokoki, hannu ya saba da 'ya'ya. Yanzu ne aikin zai fara, domin dara tana wasa ƙwaƙwalwa ne muddin tana ba mutum wuya. Ranar da hannu ya koma tafiya da kansa, baki yana can yana hira, to an shiga hutu.

Ga waɗanda suka shigo daga baya, darar da muke yi gida 30 ce, layi 5, kowane da gida 6. Ana haƙa su a ƙasa ko a zana a kwali. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara. Ana zubi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a jera uku lokacin zubi. Tafiya gida ɗaya ce, gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku cif ya ci ɗa ɗaya na abokin wasa, jera huɗu ba ci ba ne. Wanda ya rage da biyu an cinye shi. Garuruwa sun bambanta a kan ko ana cin ɗan da ke cikin jerin uku, don haka a yanke wannan kafin a zuba ɗan farko, kada musu ya cinye yammacin.

Yawancin wasannin sababbi tun wurin zubi suke lalacewa. Gidajen ba darajarsu ɗaya ba: na kusurwa huɗu ƙofa biyu gare su, na gefe 14 ƙofa uku, na tsakiya 12 ƙofa huɗu. In an gama zubi gida 6 ne kaɗai babu kowa, kuma su ne abin kallo. Mai koyo yakan zuba ido ga 'ya'yansa, ya jera biyu biyu yana murna, sai a fara tafiya ya tarar ba ɗan da zai iya isa gidan na uku. Kafin kowane zubi daga na bakwai zuwa sama, a tambayi kai: wane gida ne zai rage fanko, kuma ɗan wa ke maƙwabtaka da shi?

Babban atisayen wannan zango shi ne rufe dara. Ana buƙatar dara biyu da faifai ko ƙyalle. A tsayar da wasa a tsakiya, mai koyo ya kalla na daƙiƙa 30, a rufe, ya shirya abin da ya gani a ta biyun. A fara da 'ya'ya 8. In ya dace sau uku a jere a ƙara biyu, in ya kasa sau biyu a rage biyu. Inda ake tuntuɓe shi ne ƙoƙarin haddace ɗa ɗaya ɗaya. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe abubuwa rarrabe fiye da kamar huɗu a lokaci guda, ko ta yaro ce. Dabarar ita ce a gan su a dunƙule: biyu kwance a layin sama da ƙofa a dama, uku sun yi kwana a tsakiya, ɗaya a kulle a kusurwa. Tsakuwa shida sun zama siffa uku ke nan. Masu bincike Chase da Simon sun nuna haka a Amurka a 1973 da darar Turawa ta chess: gwanaye suna tuna shirin da ya fito daga wasa na gaske, amma in an watsa 'ya'yan barkatai sai fifikonsu ya kusa ɓacewa. Shi ya sa ba ma yin atisayen da shirin da aka ƙaga.

Don a iya rubuta wasa, a ba layuka haruffa A zuwa E, gidaje lamba 1 zuwa 6. Da wannan za a gane shirin da 'yan dara ke kira doki. A ce kana da B1 da B2, kana da C4 da C5, ga ɗa na biyar a B3. Ka sauko da shi C3, ka jera uku, ka ci. Ka mayar da shi B3, ka sake ci. Abokin wasa ba shi da mafita sai ya cusa ɗansa a gidan da ka bari, ko ya ci ɗaya daga cikin biyar ɗin. Don haka kafin ka hau doki, ka fara cinye 'ya'yansa da ke kusa da B3 da C3. Wanda ya manta wannan, dara takan ci gida.

Doka ta gaba mai sauƙin faɗa ce: kafin hannu ya taɓa ɗa, a faɗi tafiya uku a zuci, tawa, tasa, tawa. An taɓa, an tafi. Wasan da aka rubuta kuma a sake shirya shi da ka washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako. A yi ƙoƙarin tunawa tukuna kafin a duba takarda, don wahalar tunowar ita ce ke dasa abu. Barcin dare yana cikin aikin, wanda ya kwana hira kada ya zargi tsufa.

Minti 40 ya isa zama ɗaya, bayan la'asar, ido na ganin gida. A riƙa sauya abokin wasa, domin mutum biyu da suka haddace juna ba sa koyon komai. Gwani ya zuba 11 in zai yi da sabo. Kuɗi kuwa kada su shigo, mun zo wasa kai ne, ba caca ba.

Akwai gaskiyar da ya kamata mu riƙe. Binciken ACTIVE a Amurka, da dattawa kusan 2,800, ya nuna horon ƙwaƙwalwa yana gyara abin da aka horar da mutum a kai ne musamman. Gwanin dara yana iya manta inda ya ajiye makulli. Binciken FINGER na ƙasar Finlan, wanda aka fitar a 2015, ya ga amfani ne da aka haɗa horon da abinci mai kyau, motsa jiki da kula da hawan jini na shekara biyu. Kwamitin mujallar Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa, cikinsu har da hawan jini, ciwon suga, taba, raunin ji, raunin gani da zaman kaɗaici. Saboda haka a zo wurin dara da ƙafa, da ɗan sauri. Minti 30 sau biyar a mako ya cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so. A riƙa awon jini, in yana tsayawa a 140/90 ko sama a ga likita. Wanda ke yawan cewa "me ka ce?" a duba masa kunne.

In kuma ɗan'uwa ya fara manta dokar da ya sani tun yana yaro, ko ya ɓata a hanyar gida, wannan ba na atisaye ba ne, a sanar da iyalinsa cikin mutunci. Baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta harɗe nan take, a nufi asibiti ba jira.

Aikin zama na gaba: kowa ya zo da wasa ɗaya a rubuce, ya nuna zubin da ya jawo masa ci na farko. Masu riƙe 'ya'ya 14 a rufe dara su rage lokacin kallo zuwa daƙiƙa 20.