Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Rubutun fensir a ƙarshen fayil

A makon jiya na tsaya a inda aka ƙara mini girma bayan shekara tara ina aiki. To wannan ƙarin girman ne ya kai ni kwamitin ɗaukar ma'aikata. Mu biyar ne, ni ne ƙaraminsu.

Gurbi ɗaya ake son cikewa, na akawun kuɗi. Wanda ya fi kowa maki a jarrabawar rubutu wani saurayi ne siriri, da ya shigo sai ya ɗosana a bakin kujera kamar aronta aka ba shi. Duk abin da aka tambaye shi ya amsa daidai, sai dai murya can ƙasa, ido a kan takalmi. Yana fita wani ya shigo, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, ya ba mu dariya har sau biyu. Na tambaye shi yadda ake daidaita littafin ofis da takardar banki, ya yi ta kewaye-kewaye, amma kewaye mai daɗin ji. Da aka tattara maki shi ya haye. Ni kaina takwas cikin goma na ba shi, kuma ba wanda ya riƙe mini hannu.

Da aka tashi aiki zuciyata ta ƙi kwanciya, na shiga wurin maigidanmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, anya ba mu zalunci yaron nan ba? Mu a lokacinmu ai cancanta ake bi."

Ya dube ni ta saman tabarau, bai ce uffan ba, ya aika masinja ya ɗauko fayil ɗina. Can ƙarshe akwai takardar makin shekarar da aka ɗauke ni, har ta soma ja. Sunana ne na huɗu. A gefe an rubuta da fensir: "Ɗalibin abokina ne, yana da natsuwa."

"Malam," in ji shi, "rubutuna ne. Kuma har yau ban yi da-na-sani ba."

Shekara tara ina cika wa ƙannena baki cewa ni ba ni da uwa a gindin murhu, gumina ne ya kai ni. Ashe mutum uku na tsallake. Abin da ya fi cin raina shi ne na san na iya aikin, ba wanda ya taɓa kama ni da kuskuren sisi. To amma su ukun fa, wa ya ba su littafi ya ga ba su iya ba?

Wannan fensir ya sa ni karance-karance. Na tarar Sinawa sun sha fama da irin wannan alfarmar tun zamanin daular Song, wadda ta fara a 960. A jarrabawar shiga aikin gwamnati sukan rufe sunan ɗalibi, sannan a sa magatakarda su kwafe amsarsa, don kada mai dubawa ya gane rubutun hannun ɗan abokinsa. Tsarin bai mutu ba sai 1905. Duk da haka mata ba sa zama, kuma ɗan da ake jira ya je gona ba shi da shekarun da zai ɓatar yana haddar littattafai. Sunan kam an rufe, gidan da ya fito ne ya ƙi rufuwa. A Amurka ma wasu masana biyu sun aika takardun neman aiki na bogi wajen dubu biyar a Boston da Chicago, sakamakon ya fito a 2004: masu sunan farar fata sun fi masu sunan baƙar fata samun kira da kashi 50 cikin ɗari, alhali takardun iri ɗaya ne.

A zama na gaba na kawo shawarar a riƙa sa lamba a madadin suna, a kuma ba jarrabawar rubutu kaso mafi tsoka. Aka amince da lambar, aka ƙi na biyun. Wata abokiyar aikinmu ta ce, "Yallaɓai, da mutum za mu zauna, ba da takarda ba." Ban iya musa mata gaba ɗaya ba, don mai surutun nan da muka ɗauka, in mai bin mu bashi ya shigo da zafi, shi kaɗai ke iya sanyaya shi. Littafinsa kuwa wata shida ina zama bayan an tashi ina gyara masa.

Siririn saurayin ban sake ganinsa ba sai bayan shekara biyu, ranar da masu binciken kuɗi suka zo mana daga waje. Shi ne riƙe da jakar shugabansu, kuma littafin da ya fara buɗewa na mutuminmu ne. Yadda muka kwashe da shi sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.