Ɗaki biyu da makirufo huɗu: yadda muke haɗa fodkas a Kaduna

Kamfaninmu ƙarami ne. Mu huɗu ne, kuma ɗaki biyu muka kama haya a saman wani bene a Unguwar Sarki. Sana'armu haɗa fodkas da Hausa, wato shirin murya da ake ɗorawa a intanet, mutum ya saurara duk sa'ad da ya samu sarari. Muna taɓa siyasa, harkar kuɗi, kimiyya da abin da ke faruwa a ƙasa, wani makon kuma mu leƙa Kannywood ko ƙwallon Turai.

Duk mai son shiga wannan sana'a a Kaduna ya kwana da sanin cewa zai tarar da mutanen da kunnensu ya daɗe da wayewa. Tun 1962 gidan rediyon Kaduna yake magana da Arewa, sashen Hausa na BBC kuwa tun 1957 yake. Mai shayin Kawo da telan Kasuwar Barci da rediyo suka tashi, sun san mai magana da ilimi, sun san mai kame-kame. Ba za su tsaya jayayya da kai ba, kashe wayar za su yi su ci gaba da aikinsu.

Kayan aikin ba su kai yadda ake zato ba: makirufo huɗu, mikisa, kwamfuta, da abin sawa a kunne. Yaƙinmu na kullum da ƙara ne. Mun lulluɓe bangon da soso da labule mai kauri, mun shimfiɗa kafet, duk da haka hon ɗin Keke Napep yana kutsowa. Janareto ma mun haƙura da shi mun koma sola, saboda gurnaninsa yana shiga cikin muryar baƙo ya ƙi fita. Fanka ba ta juyawa idan ana ɗauka, shi ya sa a watan Maris da Afrilu muke roƙon baƙi su zo da sassafe. Idan ladanin masallacin bayanmu ya ɗaga murya, mu dakata, a je a yi salla, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

Bayan ɗauka sai tunanin datar mai sauraro. Shirin rabin awa mukan matse shi ya dawo kamar megabait 14, don tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mutane sai sun duba nauyin abu kafin su sauke. Akasarin masu jin mu ta WhatsApp da Telegram suke samun shirin, wasu kuma a wurin masu cajin waya ake tura musu shi a memori.

Shirye-shiryen kuɗi su suka fara jawo mana jama'a, kuma canjin kuɗi ne sila. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Kafin Fabrairun 2023 mutum da kuɗinsa a banki yana rasa na cefane. Muka zaunar da wani tsohon ma'aikacin banki da wata mai sayar da hatsi a teburi ɗaya. Shi yana bayanin manufar gwamnati, ita tana tare shi: “Alhaji, duk na ji, amma manomin da ke kawo min masara ba shi da asusu, da me zan biya shi?” Da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki, a daren muka kira lauya ya warware hukuncin dalla-dalla. Tun daga nan ba ma gayyatar masani shi kaɗai, sai mun haɗa shi da wanda abin ya shafa.

Kimiyya ta fi cin lokaci, kuma ni ta fi kwanta min a rai. Shirinmu kan sikila har yanzu ana turawa. Mutane da yawa sun ji cewa idan miji AS ne mata AS, ɗaya cikin huɗu zai zo da SS, sai suka ɗauka in na fari ya zo da ita, uku na bayansa sun tsira. Likitar da muka gayyato ta fara da Turancin asibiti, na ce, “Likita, don Allah a sauko mana ƙasa, iyayenmu mata ne ke ji.” Sai ta nemi murafen lemo huɗu, uku farare ɗaya ja, ta zuba a hulata. Ta ce in rufe ido in ɗauki ɗaya. Na ɗauka, ta karɓa ta mayar, ta girgiza hular, ta ce in sake. “Haka kowane ciki yake,” in ji ta, “jan murfin yana nan a ciki kullum.” Ƙarar murafen nan muka bar ta a shirin, ba mu yanke ba.

To ina kuɗin yake fitowa? Ba daga YouTube ba, gaskiya. Sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin su fara raba kuɗin talla da kai, abin da ke shigowa kuma bai kai na haya ba. Hayar ɗakin ɗaukar da muke ba wasu ce ke riƙe mu, sai haɗa tallan murya ga 'yan kasuwa da makarantu, da tace karatuttukan malamai.

Akwai kuɗin da ba ma karɓa. Wani ya taɓa zuwa da tallan zuba jari mai ninka kuɗi cikin wata guda, na ce ya nuna min rajistarsa da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, bai sake dawowa ba. Wanda ya ga yadda MMM ta yi da mutane a 2016 da CBEX a 2025 ba zai ara wa irin wannan muryarsa ba. Idan zaɓe ya ƙarato kuma yaran 'yan siyasa sai su yi ta hawowa benen: “Oga ya ce a yi hira, amma ga tambayoyin.” Amsata ɗaya ce: ranka ya daɗe, in talla ne za mu sanar cewa talla ne, in hira ce tambayoyin namu ne. Ranar biyan albashi nakan ji zafin wannan matsaya, ba zan ɓoye ba, amma mai sauraron da ya gano an sayar da shi ba ya dawowa.

Siyasar Kaduna kuwa da taka-tsantsan ake taɓa ta. Garin da ya ga rikicin 2000 da na bayan zaɓen 2011 ba wurin sakin baki ba ne. Duk shirin da ya shafi addini ko ƙabila sai mun ji daga Tudun Wada, inda Musulmi suka fi yawa, mun ji daga Sabon Tasha, inda Kiristoci suka fi yawa, kuma lauya yana saurarensa kafin ya fita, saboda sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, sashen da ke hukunta mutum kan wasu saƙonnin da ya yaɗa a intanet. Maganar da baƙo ya faɗa cikin fushi mukan kira shi washegari mu karanta masa, mu tambaye shi ko yana nan a kanta.

Yanzu dokokin harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 muke bi sashe-sashe. Akanta, wato masanin lissafin kuɗi, mun samu, saura mai shago daga Kasuwar Sheikh Gumi da zai yarda ya zo da littafin cinikinsa.