Ton Steine Scherben da Gadon Waƙar Bore a Jamus

Na daɗe ina sauraron ƙungiyar mawaƙan Jamus mai suna Ton Steine Scherben, kuma abin da ya fi kama zuciyata game da su shi ne harshen da suka zaɓa. A shekarar 1970, lokacin da suka haɗu a Berlin ta Yamma, yawancin matasan ƙasar masu kiɗan rok da Turanci suke rerawa, domin bayan yadda 'yan Nazi suka yi amfani da waƙoƙin gargajiya da na maci, mutane da dama sun riƙa jin nauyin ɗaga murya da Jamusanci. Jagoransu Rio Reiser ya ɗauko Jamusancin titi, irin wanda ɗan koyon sana'a yake yi idan ya gaji da tsawar ubangidansa, ya ɗora shi a kan jita mai ƙara.

Ba su ne suka fara waƙar bore da Jamusanci ba. Tun a 1844 marubucin waƙoƙi Heinrich Heine ya rubuta waƙa kan masaƙan Silesiya da yunwa ta tayar, a 1933 kuma fursunonin siyasa na sansanin 'yan Nazi da ke Börgermoor suka tsara tasu suna aikin dole a cikin fadama. Marubuci Bertolt Brecht da mai tsara kiɗa Hanns Eisler sun bar wa ma'aikata waƙoƙi masu yawa. Sai dai zuwa ƙarshen shekarun 1960 wannan gado ya fi zama a hannun ɗalibai da masu ilimi, kuma a ganina babban aikin Scherben shi ne mayar da shi ga matasan da ba su taɓa shiga jami'a ba.

A watan Disamba na 1971, kwanaki kaɗan bayan 'yan sanda sun harbe wani matashi ɗan gwagwarmaya mai ra'ayin juyin juya hali mai suna Georg von Rauch, ƙungiyar ta yi wasa a wani taro a jami'ar fasaha ta birnin. Daga nan jama'a suka ɗunguma zuwa unguwar Kreuzberg, suka mamaye tsohon masaukin ma'aikatan jinya na asibitin Bethanien da aka bari babu kowa, suka raɗa masa sunan mamacin. Labarin gidan ya shiga faifan Scherben na 1972, Keine Macht für Niemand, wato kada a ba kowa mulki, wanda suka fitar ta kamfaninsu na kansu a cikin kwali maras ado.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda masoyansu suka saka musu. Kowace ƙungiyar gwagwarmaya tana son su zo su yi wasa kyauta, kuma da zarar sun nemi kuɗin mai ko na abinci sai a ce sun sayar da aƙida, alhali mawaƙi ma yana da ciki. A 1975 suka tattara suka koma wata gona a Fresenhagen da ke arewacin ƙasar, a 1985 kuma suka watse da bashi a wuyansu. Da Reiser ya shiga wani babban kamfanin faifai domin ya biya bashin, waɗansu suka kira shi maci amana, hukuncin da ban taɓa yarda da shi ba.

A can Jamus ta Gabas kuwa, wadda a lokacin ƙasa ce dabam a ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, hukuma ta riga ta nuna tsoron da take yi wa waƙa, tun da ta ƙwace wa mawaƙi Wolf Biermann takardar zama ɗan ƙasa a 1976 bayan wasan da ya yi a birnin Kolon na Jamus ta Yamma. A watan Oktoba na 1988 aka bar Reiser ya yi wasa a Berlin ta Gabas. Ya rera tsohuwar waƙarsa da ke tambayar ko akwai ƙasar da mafarkin 'yanci ya tabbata a cikinta, da ya iso baitin da ke cewa ba wannan ƙasar ba ce, sai dubban matasan da suka cika zauren suka karɓa da murya ɗaya. Bayan wata goma sha uku katangar Berlin ta faɗi.